Allurar Mantiri Sattu

A Buntu Rano babu wanda yake mutuwa ran da numfashinsa ya tsaya. Rashin lafiya yake yi. A kwantar da shi a ɗakin kudu, kansa wajen yamma, a kai masa shinkafa da kofi sau uku a rana, a gaishe shi da safe, a yi masa sallama in za a tafi gona, har sai dangi na nesa sun taru an yanka masa ɓauna, ko da za a shekara biyu kafin nan. Ba a kuka, ba a kururuwa, don ba a yi wa mara lafiya kuka. Abin da yake sa mara lafiyan nan ya iya zaman wata da watanni cikin mutane bai kore su daga gida ba kuwa, shi ne allurar Mantiri Sattu.

Mantiri muke ce wa malamin asibiti. Sattu ya yi shekara talatin da ɗaya a ƙaramin asibitin da ke gindin dutse, ya yi ritaya, amma bai ajiye baƙar jakarsa ba. A cikinta akwai ƙaton sirinji irin na dabbobi, da allura mai tsawon yatsa, da abin sauraron ƙirji, kwalaben fomalin kuma, ruwan da ke hana jiki ruɓewa, suna ɗaure a bayan babur. Duk gidan da aka yi rashi, kafin a aika wa fasto an aika masa. Fasto ko gobe ya zo babu abin da ya ɓaci, amma aikin Mantiri in aka yi masa jinkiri fuskar mara lafiyan ce take lalacewa.

Mutum ne mai baki, irin wanda in ya zauna a wuri sai an matso. An yi masa baftisma, a coci ya yi aure, amma ranar Lahadi iyakarsa ƙarƙashin rumbun shinkafar da ke kallon ƙofar coci. Nan mazan da suka rako matansu suke zama a kan dakalin katako, suna zuƙar taba mai kanumfari, suna jin karatu ta lasifika, Mantiri yana yi masa gyara. Ba ya zagin Allah, wayonsa ya fi haka. Tambaya kawai yake yi, da fuskar mai neman ilimi. Makahon da aka buɗe wa ido, wa ya auna idon kafin nan? Dubban mutanen da suka ƙoshi da 'yar gurasa, an lalubi aljihunsu? Ruruk mai ɗiban bammi, abokinsa tun suna yara, shi yake fara ƙyalƙyala dariya, sauran su ɗauka.

Akwai abu biyu da Mantiri bai taɓa yin barkwanci da su ba, don bai taɓa faɗa wa kowa ba. Na farko kunnensa. Shekara uku ke nan ƙananan sautuka suna guje masa. Lasifika yana ji, kukan alade yana ji, dariyar mutane yana ji sarai, amma in ya ɗora abin sauraro a ƙirjin ƙato mai rai da lafiya, shiru yake ji kamar ya ɗora a kan buhun shinkafa. Na biyu yatsunsa. Tsawon shekarun nan yana zuba fomalin babu safar hannu, fatar kan yatsun ta bushe ta yi tauri, har yakan ɗauki garwashi ya kunna taba bai ji komai ba. Mutane suna ganin bajinta ce. Shi ya san ma'anarta, wato ko ya riƙe wuyan hannun mutum ba zai ji bugun jijiya ba. Abin bai hana shi barci ba, domin waɗanda ake kiransa dominsu yawanci tsofaffi ne da kowa ya ga tafiyarsu, sun sandare kafin ya iso. Sai ya rataya abin sauraron, ya runtse ido, ya ɗan jima, ya girgiza kai. Masu gida suna son ganin haka.

Mutum ɗaya ce ta taɓa tare masa ƙofa, Nene Limbong, tsohuwar da ke share coci. Shekara huɗu da suka wuce mijinta ya faɗi a gona, aka kwantar da shi a ɗakin kudu, ita kuwa ta ɗauki taɓarya ta zauna a bakin ƙofa ta ce babu allurar da za ta taɓa shi. Ta ce an nuna mata cikin addu'a zai tashi. Kwana uku tana waƙa tana roƙo, ga zafi, ga ƙudaje. A rana ta huɗu ɗanta Duma ya ɗauke ta cak ya fitar, Mantiri ya shiga da tsumman kananzir a hanci. Babu sauran abin da za a gyara. Aka rufe akwati tun kafin 'ya'yan da ke nesa su iso, ba su ga fuskar ubansu ba, kuma a wajenmu wannan abin kunya ne da ake tuna wa gida har jikoki. Tun daga nan duk inda Mantiri ya haɗu da ita sai ya cire hula ya tambaye ta cikin ladabi ko Baba ya tashi yau. Rashin kirki ne tsagwaronsa, kuma duk mun yi dariya.

Lahadin da nake ba da labari, ruwa ya kwana uku yana zuba, ƙasa ta zabtare a bayan gada ta rufe hanya, fasto ya maƙale a wancan ƙetaren. Wani dattijon ikilisiya ne ya yi karatu. Ya karanta labarin yarinyar nan da Yesu ya tarar ana yi mata makoki, ya ce musu barci take yi, suka yi masa dariya, ya fitar da su waje, ya kama hannunta ta tashi. Mantiri ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai. Sannan ya ce shi dai a duk gidan nan masu dariyar ne ya ga sun san aikinsu, domin mutanen da kullum suke kan gawa ba za a koya musu gane gawa ba.

"Da ni aka fara aika wa, da karatun yau ya yi gajere, mun tafi gida da wuri," in ji shi. "Ku ƙirga mini waɗanda na yi wa allura a garin nan. Ko ɗaya ya taɓa tashi ya ce Mantiri sannu da aiki?"

Ruruk ya yi dariya har taba ta sarƙe shi. Mata suna fitowa daga coci suna harararsu, Nene Limbong tana cikinsu riƙe da hannun jikarta Rensi, 'yar Duma, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya mai farfaɗiya. Uwarta tana aiki a gonar kwakwar manja a Malesiya, kakar ce take riƙonta.

Bai gama cin abincin rana ba aka zo kiransa. Rensi ta cire kayan coci ta tafi fadama tsintar dodon koɗi. A tsakiyar kowace gonar shinkafa tamu akwai rami mai zurfi da ake barin kifi a ciki, ruwansa daga dutse yake gangarowa, da damina sanyinsa har ƙashi. Ciwon nata ya kama ta a bakin ramin. Matar Ruruk ce ta hango rigarta, aka ciro ta, babu wanda ya san tsawon lokacin da ta yi a ciki. An juya ta, an danna cikinta, an kira sunanta. Dattijon da ya yi karatu ya dafa ƙirjinta ya ce sai haƙuri.

Ƙarfe biyu da wani abu Mantiri ya isa. Gidan Duma irin namu ne, a kan ginshiƙai, ƙasan ɗakin katako ne mai 'yan tsage-tsage, duk abin da aka faɗa a sama ana ji a ƙasa. Maza sun riga sun cika ƙarƙashin gidan da gindin rumbu, mata suna kai kofi, ana hira ƙasa-ƙasa, wani lokaci a yi 'yar dariya, don gidan mara lafiya ba gidan makoki ba ne. Duma ya tare shi a gindin tsani. Idonsa ya kaɗa ya yi ja, amma bai zubar da hawaye ba. Ya ce ya yi waya da uwar yarinyar, ba za a sake ta daga aiki ba sai nan da wata biyu, kuma abu ɗaya ta roƙa, ta zo ta tarar da 'yarta yadda ta bar ta.

"Kawu, don Allah kada abin da ya faru da Baba ya faru da ita," in ji Duma. "Inna ta fara irin maganganunta. Kada ka saurare ta."

Nene Limbong tana zaune a bakin ɗakin kudu. Wannan karon babu taɓarya. Ta ɗaga kai ta dube shi, ta kira shi da sunansa, domin ita kaɗai ta rage cikin manyan da suka san shi tun yana yawo ba wando.

"Sattu, ka ba ni zuwa faɗuwar rana. An ce ana haƙa hanya, fasto zai iso."

Ya ce mata fasto ba zai iso yau ba, kuma yarinyar da ta sha ruwan fadama ba ta jiran kowa, cikinta zai fara kumbura kafin dare. Ta ce ta sa hannu a hamatar yarinyar ta ji ɗumi. Ya ce ɗumin hannunta ne. Ta ce ai shi ma ya ji abin da aka karanta da safe, kuma ba a banza aka karanta shi yau ba. Daga ƙasa wani ya yi tari irin na mai danne dariya.

"To bar maganar karatu," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa har sai da ya bi leɓenta da ido. "Na san abin da kuke cewa a kaina. Wancan karon na yi kuskure, na ɗauka. Yau ban ce ka gaskata komai ba. Cewa na yi ka duba ta da kyau."

Ya ce dubawa ai aikinsa ne, ya raɓa ta ya shiga.

Ɗakin ƙarami ne, tagarsa ɗaya, hasken ranar damina yana shigowa dishi-dishi. An kwantar da Rensi a kan tabarma, an sa mata rigar cocinta, an taje gashinta da bai gama bushewa ba. Kusa da kanta an ajiye farantin shinkafa da kofi mai zafi a kofin gilashi, abincinta na farko a matsayin mara lafiya. Leɓenta ya yi shuɗi. Mantiri ya durƙusa, ya taɓa goshinta da bayan hannu, sanyi ƙalau. Ya ɗaga hannunta ya saki, ya faɗi yaraf. Bai sandare ba, amma awa biyu ba ta isa a sandare ba, wannan bai nuna komai ba. Ya buɗe idonta ya haska da 'yar tocilarsa mai raunin batir, baƙin idon ya buɗe bai motsa ba. Duma yana tsaye a kansa, tsohuwar tana bakin ƙofa.

Ya rataya abin sauraro, ya ɗora, ya runtse ido. Shiru. Irin shirun da yake ji a ƙirjin kowa. Ya kama wuyan hannunta, ya danna gefen wuyanta, yatsunsa ba su gaya masa komai ba, kamar yadda suka daina gaya masa tuntuni. Ya tuna wani likita da ya taɓa zuwa asibitinsu tun yana sabon ma'aikaci, wanda ya ce musu yaron da aka ciro daga ruwan sanyi kada a yanke masa hukunci sai an ɗumama shi tukuna. Fiye da shekara talatin maganar ba ta faɗo masa ba, sai yau.

Ya sunkuya sosai, ya kai fuskarsa dab da hancinta, wai ko zai ji iska a kumatunsa. Bai ji ba. Amma da ya ɗago, gilashin tabaraunsa na hagu ya yi hazo.

Ya tsaya a durƙushe yana kallon duniya ta cikin hazon. Ƙasan gilashin ne kawai, ɗan kaɗan, yana washewa. Ga kofin kofi can kusa da kunnenta yana tururi, tazararsa da inda ya sa fuska ba ta fi taƙi ɗaya ba. Tururin ne, babu shakka. Ko kuma ba shi ba ne. Gane gaskiyar ba wuya. Ya ɗauke kofin ya kai bakin ƙofa, ya goge tabarau, ya sake sunkuyawa. Ko ya ce wa Duma, mai lafiyayyen kunne, ya ɗora kansa a ƙirjin 'yarsa ya saurara. Ko ya ce a kawo barguna da ruwan zafi a kwalabe, a ba shi awa ɗaya. Amma ba a ɗauke wa mara lafiya kofinsa tun bai huce ba, duk wanda ya gani zai tambayi dalili. In ya ce Duma ya saurara, an san Mantiri ba ya ji, an kuma san shekara uku yana girgiza kai a kan abin da bai ji ba. In ya ce a kawo bargo, ya koma layin Nene Limbong ke nan a gaban mutanen da ya ba dariya da safe. In kuma bayan duk wannan yarinyar ba ta motsa ba, har ya mutu ba za a daina tambayarsa ko ta tashi yau ba.

Duk da haka ya buɗe baki, kuma na yarda abin da ya yi niyyar faɗa ke nan, a kawo bargo. Sai muryar Ruruk ta ratso ta tsagen katako.

"Mantiri, shiru haka? Ko ta fara ba ka labari ne? In ta tashi ka ce mata kofinta yana hucewa."

Dariya ta tashi a ƙasa, ba mai ƙarfi ba, irin ta mutanen da suka gaji da zaman jimami suna neman abin da zai sassauta musu. Wani ya ce ai yau Mantiri ya ji wa'azi, ƙila ya tuba. Wannan duka ya ji shi tsaf. Ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya mayar.

"Sai haƙuri, Nene," ya ce. "Lokacin allura ya yi."

Ba ta yi gardama ba, sai ta tambaye shi ko ya duba da kyau. Ya ce ya duba.

In za a buɗe fomalin kowa fita yake yi, don yana cin ido yana shaƙe maƙogwaro. Duma ya sauka wajen maza. Tsohuwar ta ce ita ba inda za ta, idonta ya riga ya ga abin da ya fi wannan. Ta shigo ta zauna wajen kan yarinyar, tana shafa gashinta tana motsa baki. Mantiri ya jera kwalabe huɗu a gefen tabarma. Ya zuƙi ruwan ya cika sirinji, ya ɗaga rigar zuwa cinya, ya nemi babbar jijiyar da ya saba nema, wadda ko ido rufe ya san inda take. Ya soka, ya danna a hankali har sirinjin ya ƙare, ya sake cikawa ya sake dannawa. Ya zare allurar don ya koma ɗaya cinyar.

Jini ya biyo allurar. Gawa takan ɗan yi tsatsafar baƙin jini, ya saba gani. Wannan ya fito ya tsaya, ya jima, sannan ya sake tunkuɗowa, ya gangara gefen cinyar ya ɗiga a tabarma. Mantiri ya zuba masa ido. Ya sake tsayawa, ya sake tunkuɗowa.

Sai gwiwar yarinyar ta ɗan lanƙwashe. Yatsun hannunta na dama suka dunƙule a kan tabarma, suka kamo gefen wandonsa. Bakinta ya buɗe, ruwan fadama ya gangaro ta gefe, ƙirjinta ya ɗaga sau ɗaya da ƙyar. Idonta ya buɗe rabi, ba ya kallon kowa.

Nene Limbong ba ta yi ihu ba. Fuskarta ce ta washe gaba ɗaya, irin farin cikin da ba a taɓa ganin kamarsa a fuskar tsoho ba, in ji waɗanda suka gan ta a bakin tsani. Ta miƙe kamar yarinya, ta fita tana kiran Duma, tana cewa ya zo, Ubangiji ya ji, Rensi ta tashi, ta buɗe ido.

Mantiri ya rage shi kaɗai da yarinyar, sirinji a hannu. Ya san abin da ya zuba, ya san yawansa, ya san inda jijiyar nan take kai shi. Babu maganin da ke fitar da shi. Ko hanya a buɗe take, babban asibiti tafiyar awa uku ce, ga shi kuma ƙasa ta rufe ta. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa sani ba, har ya ji fitsari yana neman kufce masa. Ya sa hannu ya danne inda jinin ke fita, kamar wannan zai mai da wani abu baya. Ya kira sunanta sau biyu. Jikinta ya ɗan yi rawa, ya lafa. Yatsun suka saki wandonsa. Idon ya koma ya rufe, saura ɗan fari-fari a ƙasa. Da ya ƙura ido sosai yana ganin ramin wuyanta yana ɗan shiga yana fita, can ba a rasa ba. Ya ja rigar ya rufe cinyar, ya jawo jakarsa ya ɗora a kan jinin da ke tabarma.

A ƙasa kuwa wata mata ta ce wayyo, abin ya sake motsa wa tsohuwar. Wani ya yi dariya, wani ya ce a kama ta kada ta faɗo daga tsani. Katakon gidan ya yi ta ƙara, mutane suna hawowa. Suka cunkushe a bakin ɗakin, babu mai shiga saboda warin, suna toshe hanci suna leƙe. Daga inda suke yarinya ce kwance cikin rigar coci, shiru, yadda suka bar ta. Ruruk yana leƙowa ta kan kafaɗar wani, bakinsa a shirye da magana, amma da ya ga fuskar abokinsa sai ya haɗiye ta.

Duma ne ya tako har ciki, idonsa yana zubar da ruwa saboda fomalin, uwarsa tana riƙe da hannun rigarsa tana cewa ya duba, ya duba da kansa. Bai dubi 'yarsa ba. Sai ya dubi Mantiri, domin Mantiri ne ya sani.

"Kawu, me ya faru? Inna ta ce ta motsa."

Duk suna jiransa. Ya dubi uban, mutumin da ya tare shi a gindin tsani ya roƙe shi ya yi sauri. In ya faɗi gaskiya, Duma zai rayu da sanin cewa shi ya aika a kira allurar, shi ya ce kada a saurari uwarsa. Mantiri ya riƙe wannan tunanin da hannu biyu, don ya fi ɗayan daɗin riƙewa. Ɗayan shi ne kansa yake karewa.

"Ta motsa," ya ce. Muryarsa ta fito daidai, har abin ya ba shi mamaki. "Haka suke yi wani lokaci. In ruwan ya shiga jijiya sai ta ɗaure, ƙafa ta lanƙwashe, baki ya buɗe. Na sha gani. Da na san za ta tsorata da na fitar da ita."

Aka yi ajiyar zuciya a bakin ƙofa. Wani ya ce shi ma kakansa ya ɗaga hannu lokacin da ake masa. Wata ta ce Allah sarki tsufa. Dattijon da ya yi karatu da safe ya dafa kafaɗar tsohuwar, ya ce mata tashin da aka yi mana alkawari yana nan zuwa a ranarsa, ta yi haƙuri. Duma ya sunkuyar da kai, kunya ta rufe shi a gaban mutane karo na biyu. Ya ce Inna ta fito haka nan, ta bar Kawu ya ƙarasa aikinsa. Ta saki rigarsa. Ta ce za ta zauna, ba za ta ƙara cewa komai ba. Ya ƙyale ta, suka juya suna sauka ɗaya bayan ɗaya, hira ta ci gaba a ƙasa.

Ta zagaya ta zauna, ta ɗaga kan yarinyar ta ɗora a cinyarta. Ta sa tafin hannu a ƙirjinta ta bar shi nan. Ta kai kunnenta bakin yarinyar ta saurara, ta daɗe. Sannan ta sa ƙafa ta ture jakar gefe, ta dubi jinin, ta dubi kwalbar da ta yi rabi, ta dubi Mantiri. Ita ma ta shekara saba'in da wani abu a garin nan, ta san abin da ruwan yake yi wa nama. Ya jira ta kira su, ya jira ta tsine masa, har ya ji yana so ta yi.

Ta tambaye shi ko akwai abin da za a iya yi. Ya girgiza kai. Ta tambaye shi zai ɗauki lokaci. Ya ce yana iya kaiwa dare, yana iya wucewa. Jikin yarinyar ya sake ɗaurewa, yatsun ƙafarta suka lanƙwashe, tsohuwar ta rungume kan tana yi mata irin rarrashin da ake yi wa jariri har ya lafa. Da ta ɗago, fuskarta a jiƙe take, ta yi maganar a fili yadda zai gani a leɓenta.

"To yi sauri, Sattu. Tana jin zafi."

Ya daɗe a durƙushe. Sannan ya miƙa hannu ya jawo kwalbar, murfin ya kufce masa sau biyu kafin ya buɗe.